Tafintan Gindin Tsamiya

Ranar da wani ɗalibi ya yi wa wasu tsofaffi biyu tafinta, ranar abotarsu ta girgiza.

Tun zuwan Turawa Potiskum suke hira a gindin tsamiya, ɗaya da Ngizimanci, ɗaya da Bolanci, ba mai jin wani. Ɗalibin, ɗan makarantar Midil mai jin duka biyun, ya so ya gano me ya haɗa zukatansu.

Ashe ɗaya matarsa marigayiya yake tunawa, ɗayan kuwa akuyarsa.

"Yaro," in ji mai makokin mata, "akuya nake taya shi yi wa kuka?"

Suka kai ɗalibin ƙara, wai ya ɓata musu hira. Alƙali ba shi da tafinta. Dole ɗalibin ya tsaya yana fassara zagin kansa, tsofaffin suna gyaɗa wa juna kai kamar da.