Tsarabar Kakata

"Ɗan'uwa, me ka naɗe a jarida?" in ji dattijon da ke tarbar baƙi a ɗakin bayan coci, inda masu barin giya ke haɗuwa duk Talata.

Kwana tara rabona da sha, kuma da ƙyar na gano wurin nan a birnin Nish. Kada fa su kore ni. Na warware jaridar a hankali, ga kwalbar rakiya, barasar gidanmu.

"Kakata ce ta ba ni, Baba. Wai ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana, sai a zagi gidanmu."

Ɗakin ya kwashe da dariya.

"Daga ina ka ɗauko ta?"

"Daga ƙauye. Awa biyu a bas, tana kan cinyata."

"Kuma ba ka buɗe ba? Kai, ka fi ni! Tawa rabi ta iso."

Ya raka ni na tuttular da ita a magudana, ya tsinko fure ya sa a cikin kwalbar. Sai ya nuna mini taga. Kwalabe goma sha ɗaya ne jere, kowacce da furenta.

"Kowa nan yana da kaka," in ji shi. "Ajiye taka, zo mu sha gahawa."