Tantin Makiyaya a Bakin Tafki

Tun da ruwa ya ci ɗanmu Imran, ni da mijina Maitama ba mu zauna mun fuskanci juna ba sai ranar, a wani shagon shayi da abinci da ake kira mamak, a unguwar Taman Melati, can ƙasar waje inda muke zaune. Na riga na gaya masa Kano zan koma, kuma ya san ba ziyara nake nufi ba.

Ya turo mini wayarsa. Wani tafki ne shuɗi a tsakiyar duwatsun Kirgistan, dawakai na kiwo a bakinsa, ga tantunan makiyaya na gashin tumaki.

"Iyayen wani ɗalibina ne suka gayyace mu, a tantinsu za mu sauka," in ji shi. "Mu je tare, Rumaisa. In mun dawo kika ce Kano, da kaina zan kai ki filin jirgi."

Na ture wayar ta koma gabansa.

"Ruwan ne?" ya tambaya. "Ko kusa da shi ba za mu je ba."

"Ba ruwan ba ne. Mahaifiyar ɗalibin naka za ta zaunar da ni cikin jikokinta, ta tambaye ni 'ya'yana nawa. A nan an daina tambayata."

Sai na lura shi ma tsoron yake ji.

"Ni ma ban san yadda ake amsawa ba," ya ce a hankali. "Amma in ta tambaya, ina gefenki. Ni zan fara faɗin sunansa."

Na jawo wayar kusa da ni.

"Akwai sanyi sosai a can, Abban Imran?"