Famfo Ɗaya, Alluna Huɗu

Musaddiƙ ya sauke alluna huɗu masu sunayen garuruwa daga bayan motarsa, ya jingina su a jikin dakalin famfon yana tsaki. Kwana tara ke nan da dawowarsa daga hutu a Zanzibar, inda ya yi ta ɗaukar hoton teku da jiragen ruwa, yau kuma ga shi a wani ƙauyen Roni, kashin awaki ya maƙale masa a takalmi.

Aikin ba shi da wuya. Wata mai dukiya a Kazaure, Hajiya Zubaida, ta ba Sama'ilu ɗan kwangila aikin haƙa famfon tuƙa-tuƙa guda huɗu, sadaka ga marigayi mijinta Alhaji Lauwali: a Roni, da Gwiwa, da Babura, da Yankwashi. Sama'ilu ya haƙa ɗaya ya haɗiye uku. Yanzu Hajiya ta ce tana son ganin hotuna, shi ne aka nemo Musaddiƙ, mai hoto mai zaman kansa, wanda kullum yake bugun ƙirji ba ya ƙarƙashin kowa. Gaskiyarsa ne, ba ya ƙarƙashin kowa sai wanda ya biya. In hotunan suka shiga, Sama'ilu ya yi masa alkawarin tikitin Istanbul. In asiri ya tonu, tare za su kwana a hannun hukuma.

Shi dai bai ga abin tsoro ba. Idan ya juya gabas duwatsu ne a bayan famfon, wannan Roni. Ya juya yamma gonar gero ce, ta zama Gwiwa. Sauran biyun kusurwa ce kawai da canjin allo. Abin da ya rage shi ne mutum mai tuƙa famfon, domin hoton sadaka ba ya daɗi sai da fuskar talaka a ciki.

Matan da ke ɗiban ruwa suna ganin kyamara suka watse. Wata tsohuwa ce kaɗai ta rage, tana zaune kan dutse da silifas da koɗaɗɗen zane, ko bokiti ba ta riƙe ba. Dattawan da ke wucewa sai su rage tsawo su gaishe ta. Musaddiƙ ya taɓe baki. Mutanen ƙauye, ko kututture ya yi furfura sai sun durƙusa masa.

"Iya, taso ki tuƙa mini famfon nan, zan ba ki na goro."

Ta taso ba musu. Wata tsohuwar mota a gindin tsamiya tana ɓata masa bayan hoto, ya daka wa direban tsawa ya matsar da ita. Direban ya ɗan dubi wajen famfon tukuna, sannan ya tayar.

Ya kafa allon Roni ya ɗauka. Ya cire, ya kafa na Gwiwa, ya zaro wani mayafi daga jakarsa ya ce ta yafa, ta kuma karkata fuska. Tsohuwar ta daɗe tana kallon allon, ta sa yatsa ta shafa rubutun.

"Ɗan nan, wannan kuma na ina ne?"

"Na Gwiwa, Iya. Kada ki wahalar da idonki, ba allon makaranta ba ne."

"Can ma akwai ruwan?"

Ya yi dariya har kyamarar tana rawa a ƙirjinsa. Ya ce akwai mana, a hoto. Ya ce mai kuɗin wata tsohuwa ce da mijinta ya mutu ya bar mata abin da ba ta san zafin nemansa ba, tana kwance cikin sanyin na'ura, ba za ta taɓa tako ƙafarta nan ba. Za ta kalli hotuna ta yi ƙwalla, ta ce Allah ya kai ladan kabari, shi ke nan an rabu lafiya.

Ya miƙa wa tsohuwar wasu mayafai biyu. Ta yafa na Babura ta tuƙa, ta yafa na Yankwashi ta tuƙa. Da aka gama ya buɗe wayarsa ya nuna mata tekun Zanzibar, ya tambaye ta ko ta taɓa ganin ruwa irin wannan, ko iyakarta kududdufin bayan gari. Ta ce Allah ya sa albarka. Ya cusa mata 'yar takardar kuɗi a hannu ya yi gaba.

Ranar Laraba ya karɓo albam daga wurin masu wankin hoto, a naɗe cikin leda mai sheƙi, sunansa a bango da ruwan zinare. Sama'ilu ko buɗewa bai yi ba. Ya ce ya san aikinsa, su yi sauri Hajiya ba ta son jira.

A falon gidan suka zube kan kafet. Da labule ya motsa Musaddiƙ ya sunkuyar da kai ƙasa kamar mutumin kirki, irin ladabin da yake ajiye wa masu kuɗi kawai. Sama'ilu ya miƙa albam da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, ga ayyukanki huɗu, duk sun kammala."

Aka ji ƙarar leda, sai juyin shafi, a hankali, har sau huɗu. Sama'ilu ya ɗan leƙa, murmushinsa ya ɗauke.

"Ɗago kanka, ɗan nan, ka iya aiki," in ji Hajiya Zubaida. "Shekarata saba'in da biyu, ban taɓa tuƙa famfo a garuruwa huɗu cikin awa ɗaya ba sai a hannunka."