Alkukin da Ta Tarar Fanko

Ersilia ta ajiye zanen a kan teburin Fulvio mai sayar da tsofaffin zane-zane, ta ce ya raba ta da shi. Shekara hamsin da ɗaya yana rataye a ɗakinta yana cin ranta.

Fulvio kuwa in ya ga tsohuwar takarda sai ya manta da mai ita. Ya duƙufa yana yabo. Zanen na cikin wani kabarin mutanen dā ne a tsohuwar hanyar Appia da ke bayan gari, bangonsa duk alkukai inda ake jera tukwanen tokar matattu.

"Iya, wane mara imani ya ɗiga tawada a nan?"

Tullio ne, maginin da take so tana budurwa, wanda ke gyaran kabarin a lokacin. Ana saura kwana uku ya tafi Ajantina, Ersilia ta cire kunya ta tambaye shi ko da ita za a tafi. Shi da magana ba ta fita a bakinsa sai da ƙyar, ya miƙa mata zanen, ya ce amsarsa tana cikin alkukin da ya ɗiga wa tawada.

Ta je, ta ƙirga daga ƙofa kamar yadda zanen ya nuna, na uku a hagu. Ta tarar da shi fanko. Ta gane a'a yake nufi, ta koma gida, ba ta je ban kwana ba. Wasiƙunsa biyu ta ƙona ba ta buɗe ba. Ba ta yi aure ba, ba ta kuma yafe ba.

"Kawo madubin can ki sha kallo," in ji Fulvio. "Gwanin da ya yi zanen nan malalaci ne. Yadda ya ga wurin haka ya karce shi a farantin jan ƙarfe, in an buga a takarda kuma sai dama ta koma hagu. Wanda ya san kabarin ba zai ma kula ba, da tsagar bango zai gane kowane alkuki."

Ersilia ta naɗe zanenta ta nufi kabarin, ko sallama babu.

Mai gadin kabarin ya riƙe mata hannu suka sauka matakala har ƙasa. Ta ƙirga uku a dama, ta zura hannu, ta jawo gwangwanin taba da ya yi tsatsa.

A ciki akwai zobe, naɗe cikin tikitin jirgin ruwa mai ɗauke da sunanta.