Gurbin Adila a Tabarma

Shekara uku Adila ta yi a Kolombiya tana nazarin yadda 'yan tawaye masu ra'ayin gurguzu suka ajiye bindiga. Da ta dawo Haɗeja, a bakin kogi ta tarar da Muttaka yana gyaran komarsa, ƙarƙashin tsamiyar da suka saba hira tun suna sakandare.

Bai ɗago ba. "Malama, an koyo sulhun?"

"An koyo. Mai laifi shi ke fara magana." Ta matso kusa da shi. "Ni na daina kiranka, Muttaka."

Sai ya janye komar, gurbinta na da ya bayyana a tabarma.

"Zauna," ya ce. "Kullum sai na kakkaɓe shi."