Masu Numfashi a Gidan Alhaji

Tun da aka kafa dokar cewa duk gidan da babu masu numfashi biyu a cikinsa sai ya biya haraji mai nauyi, attajirai suka fara ɗaukar masu zama. Haka Tabawa da mijinta Malam Cindo suka samu matsuguni a gidan Alhaji Maikanti mai ɗaki goma sha biyu. Aikinsu kawai su yi numfashi, na'urar da ke bango ta ƙirga mutum biyu.

Ranar Laraba da hantsi Ɗanliti, wakilin Alhaji, ya shigo yana duba wayarsa.

"Inna, na'ura ta ce mutum ɗaya ne a gidan nan."

"Ga shi can kwance, ɗan nan. Ƙirjinsa ne ya yi nauyi."

"Allah ya ba shi lafiya." Ya sosa ƙeya. "Maƙwabta fa raguna suka zuba, na'urar ba ta bambancewa. Alhaji ma ya fara tambayar kuɗin rago."

Bayan ya fita, Tabawa ta jawo katifar mijinta zuwa gindin bangon, ta tallafo kansa daidai bakin na'urar.

"Malam, daure ka ja da ƙarfi," ta ce a hankali. "Ko sau ɗaya ne, ta ji ka."