Na Bakin Ƙofar Kumbo

"Wannan mutum-mutumin ni ne, ko?" ya tambayi 'yar matarsa.

Kwana uku yana karanta labarin da ta rubuta, na wasu matasa a cikin kumbo a sararin samaniya. Kowane babi sai ga mutum-mutumi tsaye a bakin ƙofa, ba ya magana, ba mai ce masa ya shigo. Shekara biyar da auren mahaifiyarta, haka yake jin kansa a gidan.

"Kai ne mana." Ta ajiye dutsen guga. "Ba ka kai ƙarshe ba? Ƙofar ce ta tsage, Baba, da bayansa ya toshe ta. Yana matsawa iskarsu ta ƙare."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ja kujera. "Miƙo min tabarauna."